Zamanin Dodon Hoto

A gidajen Girei ba a bango ake fara neman tsohon hoto ba. A ƙasan adaka yake, ƙarƙashin zannuwan da aka daina ɗaurawa, ko cikin wani tsohon gwangwanin alewa tare da rasidin haraji da katin asibiti da wasiƙar ɗan da ya tafi aikin soja. Yawanci bai fi tafin hannu ba. An yanke gefensa tsaga-tsaga, baƙinsa ya koma ruwan ƙasa, farinsa ya yi rawaya, a bayansa kuma akwai hatimin mai hoto da tawadarsa ta kusa bajewa, sai kalmar Jimeta kaɗai ke karantuwa. Ranar da aka fito da shi hira takan tsaya cak. A yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kowa na riƙe shi ta gefe, har ya kai ga wata goggo da za ta ɗan nisanta shi daga idonta ta ce, "Allah sarki, wannan ai Bappa ne, shekarar da zai tafi Makka." Daga nan sai labari ya ɓalle: wanda ya ɗinka rigar, wanda ya ara masa hular, da yadda aka yi masa rakiya har bakin kogi.

Ƙarancin hoton ne ya ba shi wannan daraja. Da yawa daga cikin kakanninmu sau ɗaya tak suka zauna gaban kyamara a duk rayuwarsu, kuma ba sha'awa ce ta kai su ba, hukuma ce ta ce babu fasfo sai da hoto. Aikin Hajji ya bar mana fuskokin dattawa fiye da kowane biki. Wasu kuma shiga makaranta ce ta kai su, ko ɗaukar aikin En'e, ko soja. Mutum ya san wannan zama shi ne abin da jikokinsa za su gani, saboda haka yakan zo masa da dukkan kamalarsa.

Son waɗannan 'yan takardu ne ya sa na bi diddigin sana'ar, na tarar ashe ita da Yola kusan sa'annin juna ne. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre, mutumin Faransa, ta kama surar mutum a kan farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa. Ana goge farantin har ya yi sheƙi, a sa shi cikin akwati ya sha haske, sannan a turara shi da tururin zaiba, sura ta fito. Guda ɗaya ake samu, ba a iya kwafarsa, kuma sai an karkata shi ake ganin mutumin sosai. A lokacin Modibbo Adama bai sauka ya kafa Yola ba tukuna, sai a 1841. A wannan shekarar ce wani Ba'ingile, Henry Fox Talbot, ya yi rajistar tasa hanyar, wadda ita ce uwar duk hoton da muka sani: a shafa wa takarda maganin azurfa, a sami dodo, inda fari ya zama baƙi baƙi ya zama fari, sannan daga dodon nan guda a buga hotuna ko nawa ake so. Modibbo Adama ya rasu a 1847, sana'ar tana jaririya a ƙasashen Turai, don haka kamanninsa sai dai a bakin masu tarihi.

A watan Yunin 1851 matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai ya shigo Yola a zamanin Lamido Lawal, bai kuma jima ba aka sallame shi. Alƙalami da takarda ya zo da su. Surorin da ke cikin littattafansa, har da na mahaɗar Binuwai da Faro, zane ne da wani mai zane ya ƙawata a Jamus daga 'yan zayyane-zayyanen da ya koma da su. A shekarar nan ce kuwa Frederick Scott Archer ya fito da dodon gilashi a Ingila. Ana zuba wa gilashin wani ruwa mai danƙo, a tsoma shi cikin ruwan azurfa, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin ya bushe, abin da bai fi minti goma zuwa sha biyar ba. Mai hoto na tafe da tantinsa na duhu da kwalabensa duk inda za shi. Wanda ya san zafin Yola na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, zai gane wuyar da irin wannan aiki zai yi a nan.

Abin da ya fi burge ni a duk tarihin shi ne takardar da ake bugawa a kanta, domin da farin ƙwai ake yin ta. Louis Blanquart-Evrard ne ya fito da ita a 1850. A fasa ƙwai a ware farin, a zuba gishiri a kaɗa har ya yi kumfa, a bar shi ya kwanta, sannan a ɗora 'yar siririyar takarda a saman ruwan ta ɗauki sheƙi. In za a yi aiki da ita, sai a shafa mata ruwan azurfa, a haɗa ta da dodon gilashi cikin firam, a kai rana. Rana ce ke yin bugun, mai hoto yana leƙawa lokaci-lokaci har sai ya ga ya yi. Daga nan a tsoma cikin ruwan zinariya don launin ya zauna, a sa maganin da ke tsayar da sura, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Wannan ruwan ƙasa mai ratsin shuni da ake gani a hotunan zamanin Sarauniya Biktoriya daga nan ya samo asali. Wani kamfani guda a birnin Dresden na Jamus ya fasa ƙwai sama da miliyan shida a shekarar 1888 kaɗai don wannan takarda. Ƙwai, gishiri, azurfa, zinariya da rana: hannu ne ya haɗa su, shi ya sa ba a samun biyu da suka yi daidai da juna ƙwarai.

Da takardar ta yi araha sai aka shiga yayin ɗan ƙaramin kati, wanda André Disdéri ya yi wa rajista a Faris a 1854. Yakan ɗauki sura takwas a gilashi guda, a yanka, a manna kowace a kan kwali mai faɗin wajen santimita shida da tsawon goma. Aka riƙa musayarsu tsakanin dangi da abokai, aka ƙirƙiro albam don ajiye su. Ita kanta Sarauniya Biktoriya tana tarawa, kuma a 1860 ta yarda aka sayar wa jama'a katunan iyalinta. Waɗannan katuna su ne yau masu tara kayan tarihi ke farauta a kasuwannin tsofaffin kaya na Landan da wuraren gwanjo. Gwaninsu yakan duba kaurin kwalin, da yankan kusurwarsa, da hatimin da ke baya, da irin ɗinkin hannun rigar matar da ke ciki, ya faɗa maka shekarun da aka yi shi, kuskurensa kaɗan ne. Amma dubbai daga cikin katunan ana sayar da su a kwando da arha, don babu wanda ya san ko su wane ne a ciki. Wanda ke da suna shi ke da daraja. Camille Silvy, wani mai hoto a Landan, yakan manna kwafin kowane hoto a kundinsa ya rubuta sunan mai shi, kundayen kuma suna nan a gidan adana hotunan mutane na ƙasar Ingila. Albarkacin wannan rubutu ne muka san fuskar Sarah Forbes Bonetta, Bayarabiyar da Sarauniya ta ɗauki nauyin renonta, wadda ya ɗauka tare da mijinta James Davies a 1862.

Mutanen bakin teku ba su tsaya kallo ba. Tun 1876 iyalin Lutterodt suka buɗe shagon hoto a Ankara ta ƙasar Gana. George Da Costa ya buɗe nasa a Legas a 1895. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton nan na Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawa sun tuɓe shi. Mu a nan gabas kyamara ta iso mana ne ta kogi, a hannun baƙi: 'yan kasuwar Kamfanin Neja, masu yawon leƙen ƙasa na Faransa da Jamus, sannan sojoji. Sarauniya Biktoriya ta mutu a watan Janairun 1901, a watan Satumba na wannan shekarar sojojin Ingila suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fita. Bayansu joji da di'o da 'yan mishan, irin su Dokta Niels Brønnum na Danmak da ya sauka Numan a 1913, suka ci gaba da ɗauka. Hotunan farko na ƙasar nan akasarinsu suna ajiye a Turai, kuma sau da yawa abin da aka rubuta a ƙasansu sunan ƙabila ne, ba sunan mutum ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin mutumin da ke tsaye a ciki yana da uwa da uba da unguwa.

Daɗin labarin ya fara ne lokacin da hoto ya zama abin da talaka zai je ya saya da kuɗinsa, ya zaɓi rigarsa da irin zamansa. A nan ne abin da Turawa ke kira kayan tarihi ya rayu a idonmu, domin dabarar Talbot ta dodon takarda ba ta mutu a kasuwanninmu ba sai kwanan nan. Na riski ƙarshen zamanin masu hoton akwati ina yaro. Za ka same su a bakin kasuwa ko kusa da ofisoshin hukuma, ƙarƙashin darbejiya, da wani akwatin katako a kan ƙafa uku, da baƙin ƙyalle rataye a bango, da benci, da bokitin ruwa. Akwatin nan shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin duhu. A jikinsa akwai hannun riga da mai hoto ke zura hannunsa ta ciki, a ciki kuma akwai 'yan tasoshi biyu na magani da kwalin takardu.

Dattijo zai zauna ya gyara rawani. Mai hoto ya leƙa, ya fito, ya ce, "Baba, a ɗan ɗaga haɓa. Yauwa. Kada a motsa." Sai ya cire murfin gilashin da hannu, ya yi 'yar ƙirga a zuci, ya mayar. Ya zura hannu ya yi ta lalube a ciki, ido ɗaya a kan wata 'yar kafa. Jim kaɗan ya zaro jiƙaƙƙiyar takarda ya jefa a bokiti, mu yara mu yi caa a kai: ga Baba da farar fuska da baƙin gemu da baƙin rawani, abin dariya da ban tsoro a lokaci guda. Sai ya manna dodon a wani ɗan allo da ke gaban akwatin, ya sake ɗaukar hotonsa, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Kafin a sha ruwa a huta, ga hoto an yanka da almakashi, ana kaɗa shi a iska ya bushe. Babu lantarki, babu batir. Ilimin shekara ɗari da ɗoriya ne a cikin akwatin da kafintan gari zai iya ƙerawa.

Situdiyo kuwa sai Jimeta. Garin ya girma ne da tashar jiragen ruwa da kantunan Turawa da ma'aikata, don haka can sana'o'in zamani suka fara sauka. Masu hoton farko galibi mutanen Kudu ne, Yarabawa da Ibo, daga baya yaran gari da suka yi musu wanke-wanken tasoshi suka koya suka buɗe nasu. Manyanmu suna ba da labarin yadda, kafin a yi gada, zuwa ɗaukar hoto daga Girei tafiya ce ta yini guda: a sauko bakin Binuwai, a jira jirgin fito, kayan ado na ƙunshe a ka don kada su jiƙe, sai an haye a sa su. Mu da muka tashi da gada mun sami sauƙi, amma ɗokin bai ragu ba. Ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi an kalli hawan Lamido, layin da ke ƙofar mai hoto yakan kai titi. Samari da sababbin shaddodi da hula zanna, 'yan mata da anko da lalle da kwalli, kowa na tattalin gugar kayansa.

Ciki kuwa wata duniya ce. An zana labule da gidan bene da fitilun titi, wani da jirgin sama, wani da koren masallacin Madina don alhazai. Ga leda mai gida-gida a ƙasa, ga furen roba a kan ɗan tebur, ga tarho da ba ya haɗe da kowace waya, ga rediyo. Mai agogo yakan janye hannun riga don agogon ya fito. Mai sabon keke Raleigh ko Vespa yakan turo abinsa har ciki. Abokai biyu su riƙe hannu, amarya da ƙawayenta su jeru bisa tsawo. Wasu na ganin ƙarya ce mutum ya dafa tarhon da ba nasa ba. Ni ban ɗauke shi haka ba. Buri ne mutum ya ajiye a takarda, kuma ta wannan burin muke sanin abin da matasan 1965 ko 1975 ke mafarki.

Ana yawan tambaya me ya sa mutanen da ba sa murmushi a hoto. A Turai an ce tsawon zaman ne, don a farkon sana'ar har wani ƙarfe ake sa wa mutum a ƙeya ya tallafe kai kada ya motsa. A wurinmu dalilin ya wuce nan. Filako ne da kamun kai. Babban mutum ba ya washe baki a gaban baƙo, balle a abin da za a ajiye. Dubi hannuwansu a kan gwiwa, yatsu a shimfiɗe, ido tsaye. Matan aure da yawa ba su taɓa taka situdiyo ba, sai dai a kira mai hoto gida ranar suna ko biki, a rataya zane a bangon tsakar gida. Akwai kuma gidajen malamai da ba a yarda da hoto ba sam sai na larura, wasu malaman kuma suka ce inuwa ce aka tsare, ba sassaƙa ba. Kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma wannan saɓani na cikin dalilan da suka sa gidaje da yawa ba su da ko ɗaya.

Wanda aka taɓa bari ya shiga ɗakin duhu ba ya mantawa. Jan ƙwan fitila, warin magani mai kama hanci, tasoshi uku a jere. A haska dodo a kan farar takarda na 'yan daƙiƙoƙi, mai hoto na gilma tafin hannunsa a cikin hasken don fuskar baƙin mutum ta fito ba tare da farar rigarsa ta ƙone ba. Wannan gwaninta ce ta gaske, wadda masu hotonmu suka fi kowa iyawa, domin kullum aikinsu ke nan. Sai a tsoma takardar a tasa ta farko, ana jijjigawa a hankali, ido ya fara fitowa, sannan hula, sannan aikin wuyan riga. Wasu har da fensir suke bin dodon su gyara fuska, wasu su shafa launi da hannu a ɗankwali da leɓe. Mai gaskiya a cikinsu yakan daɗe yana ɗauraya, don ya san in maganin ya saura a takarda shi ne zai cinye hoton bayan shekaru. Hoton da ka gani yau garau bayan shekara sittin, shaidar amanar wanda ya wanke shi ce.

Hoto mai kala ya yaɗu a shekarun 1980. Da farko sai an aika fim manyan birane a wanke, a yi makonni ana jira. Kowa ya yi murna da shi, amma bai yi ƙarkon baƙi da fari ba, domin shi rini ne, wancan kuwa azurfa. Hotunan bikin 1985 da yawa sun yi ja sun dushe, na 1960 na nan daram. Daga baya kyamarar kwamfuta da wayar hannu suka rufe babin. Kamfanin Kodak kansa, wanda ya sa kyamara a hannun kowa tun 1888, ya kai ga neman kariyar fatara a 2012.

A shekarar 2012 ɗin ce kuma ruwan da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya haɗu da na damina ya mamaye garuruwan bakin Binuwai, har da yankunan Girei da Jimeta. An yi lissafin rayuka da gidaje da gonaki, yadda ya kamata, amma hoton da ya jiƙe ya manne da ɗan'uwansa ba ya shiga lissafi. A ƙarshen 2014, da rikicin Boko Haram ya kori mutanen Mubi da Michika da Madagali, dubbai sun sauka a Girei da sansanin Damare da kayan jikinsu kawai. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tuna albam. Ko babu ambaliya babu gudu, ga gara, ga laima, ga zafin kwano. Ga kuma ɓarnar da muke yi da kyakkyawar niyya: a kai tsohon hoto a liƙe shi cikin leda da na'ura mai zafi, ko a manna masa salatif, ko a rubuta a bayansa da biro har tawada ta huda. Abin da yake so kaɗan ne: busasshen wuri mai sanyi nesa da rana, farar takarda tsakaninsa da na kusa da shi, a ɗauki kwafinsa da waya, a rubuta sunan mai shi da garinsu da shekara da fensir mai laushi a baya tun masu sanin suna raye.

Wasu ƙasashen sun riga mu farga. Seydou Keïta na Bamako ya adana dodanninsa, ga shi a 2016 an baje aikinsa a Grand Palais na Faris. Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. Aikin Solomon Alonge na Binin yana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka. A maƙwabciyarmu Kamaru, an kwafe dubban dodannin Jacques Toussele na garin Mbouda zuwa kwamfuta da tallafin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. Duk waɗannan masu hoton unguwa ne, masu ɗaukar amare da 'yan Sallah, irin namu na Jimeta sak.

Saboda haka kirana ga 'ya'ya da jikokin tsofaffin masu hoto na Jimeta da Yola da Numan da Mubi: in akwai kwalayen dodanni a bayan shago ko a rumbu, don Allah kada a ƙona, kada a zubar. Jami'ar Modibbo Adama tana nan Sangere, cikin ƙasar Girei, da malaman tarihi da ɗalibai masu neman abin bincike. Ya kamata su fito su bi gida-gida da na'urar kwafi da littafin rubutu, su kwafa, su rubuta sunaye, su mayar wa masu abu abinsu.